Shin wa ke karanta abin da manhajojin gyaran rubutu ke gyarawa?

A watan Satumban 2022 ne wani kamfanin binciken tsaron intanet mai suna otto-js ya ba da sanarwar cewa manhajojin gyaran rubutu da ke aiki a Chrome na kamfanin Google, da kuma Edge na kamfanin Microsoft, suna aika abin da mutane ke rubutawa a shafukan intanet zuwa ga manyan kwamfutocin kamfanonin biyu.

Abin da ake aikawar ya haɗa da sunaye, da adireshin imel, da ranar haihuwa, da lambobin shaidar ɗan ƙasa, kai har ma da kalmomin sirri a wasu lokuta.

Masu binciken sun gwada shafuka 30 na bankuna, da asibitoci, da hukumomin gwamnati, da kasuwannin intanet, da dandalin sada zumunta. Sun ce a kusan kashi 97 cikin 100 na shafukan bayanan mai rubutu sun fita zuwa Google ko Microsoft, a kashi 73 cikin 100 kuma kalmar sirri ta bi sahu.

Yadda kalmar sirrin ke fita shi ne abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai. A al'ada, idan mutum na rubuta kalmarsa ta sirri, ɗige-ɗige ne ke bayyana a gurbin, kuma manhajar gyaran rubutu ba ta kula su. To amma shafuka da dama sun tanadi wata 'yar alama mai siffar ido, wadda mutum kan latsa domin ya tabbatar bai yi kuskure ba. Da zarar an latsa ta, gurbin ya koma gurbin rubutu kamar kowane, ita kuwa manhajar sai ta ɗauki kalmar a matsayin wadda ke buƙatar dubawa, ta tura ta.

Ma'ana dai, matakin da mutum ya ɗauka don yin taka-tsantsan shi ne ya buɗe ƙofar.

Kamfanin Google ya mayar da martani da cewa wannan nau'in gyaran rubutu ba ya aiki sai mai kwamfuta ya kunna shi da kansa, kuma ba a danganta rubutun da sunan kowa, ba a kuma ajiye shi sai na ɗan lokaci. Gaskiya ne kuma cewa rubutun na tafiya ne a kulle, ta yadda wanda ya tare hanya ba zai iya karanta shi ba. Wasu daga cikin kamfanonin da aka ambata a rahoton, kamar sashen Amazon mai ba da hayar rumbunan bayanai da kamfanin LastPass mai adana kalmomin sirri, sun gyara shafukansu ba tare da ɓata lokaci ba. Gyaran bai wuce ƙara wani gajeren umarni a tsarin shafin ba, wanda ke hana duba rubutu a guraben da ke da haɗari.

Sai dai rahoton ya tono wata tambaya da ta girmi wannan kuskure guda: a ina ne ake gyara rubutun da mutum ya yi, kuma wa ke da iko da shi bayan an gyara?

Daga ƙamus zuwa rumbun bayanai

Manhajar gyaran rubutu tsohuwar aba ce a tarihin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tun a 1971 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, Ralph Gorin, ya ƙirƙiro wadda ke duba kalmomin Turanci tana kuma ba da shawarar gyara. A 1995 ne kamfanin Microsoft ya shigo da jan layin nan mai lanƙwasa da ke bayyana ƙarƙashin kalmar da aka yi kuskure a cikinta.

A duk tsawon wannan lokaci aikin mai sauƙi ne. Akwai jerin kalmomi a cikin kwamfutar, manhajar na kwatanta abin da aka rubuta da jerin, abin da ba ta samu ba ta ja masa layi. Babu harafi ko ɗaya da ke barin ɗakin da aka yi rubutun.

Har yanzu akwai masu aiki a kan wannan tsari. Manhajar Hunspell, wadda LibreOffice da Firefox ke amfani da ita, a cikin kwamfuta take aikinta. Haka shi ma gyaran rubutu na yau da kullum da ke zuwa a kunne cikin Chrome.

Abin da ya sauya shi ne buri. Masu rubutu sun daina gamsuwa da gyaran harafi, suna son a duba masu nahawu, a daidaita masu jimla, a gaya masu ko wasiƙarsu ta yi zafi ko ta yi sanyi. Wannan aiki na buƙatar manhajar ta karanta jimla sukutum, wani lokaci ma takardar baki ɗaya, kuma kamfanoni sun zaɓi su yi shi a manyan kwamfutocinsu. Saboda haka dole rubutun ya yi tafiya, ya je a duba shi, ya dawo.

A fuskar allo kuwa babu wani bambanci. Jan layin da ƙamus na cikin kwamfuta ya ja, da wanda wata na'ura a wata nahiya ta ja, kamanninsu ɗaya, kuma mai rubutu ba shi da hanyar rarrabe su da ido.

Darasin Grammarly

Kamfanin da ya fi yin suna a wannan fage shi ne Grammarly, wanda wasu 'yan ƙasar Ukraine uku suka kafa a 2009. Manhajarsa ta kyauta ana maƙala ta ne a jikin manhajar shiga intanet, kuma kafin ta fara aiki sai an ba ta izinin karanta abin da ke shafukan da ake ziyarta, da ma sauya shi.

A watan Fabrairun 2018 wani mai binciken tsaro a kamfanin Google, Tavis Ormandy, ya gano wata ɓaraka a wannan manhaja, wadda a lokacin ke da masu amfani kimanin miliyan 22. Ɓarakar na bai wa kowane shafin intanet da mutum ya ziyarta damar ɗauke makullin shiga asusunsa na Grammarly, ya kuma ga takardun da ya ajiye a can.

Kamfanin ya toshe ɓarakar cikin 'yan sa'o'i, abin da shi kansa Mista Ormandy ya yaba. Ya kuma ce bai ga wata shaida da ke nuna an saci bayanan kowa ba, sannan matsalar ta tsaya ne ga takardun da aka ajiye a shafinsa.

Grammarly ya sha nanata cewa ba ya sayar da rubutun jama'a, kuma daga masu biyan kuɗin rajista yake samun kuɗin shiga. Ya ce an tsara manhajar ta kauce wa guraben kalmar sirri da na lambar katin banki.

Ko da an karɓi wannan bayani yadda yake, abin da ya faru a 2018 ya nuna cewa kyakkyawar niyyar kamfani ba ta isa kariya ba. Duk inda aka tara rubutun miliyoyin mutane wuri guda, kuskuren ma'aikaci ɗaya ya wadatar. Kuma galibin sirrin mutane ba a gurbin kalmar sirri yake ba. Yana cikin wasiƙar da lauya ya rubuta wa wanda yake karewa, da bayanin da likita ya yi kan majiyyaci, da saƙon da ɗan jarida ya aika wa wanda ya tsegunta masa labari. Waɗannan su ne ainihin rubuce-rubucen da aka ƙirƙiri manhajar domin ta karanta.

Allon rubutu na wayar salula

Matsalar ta fi tsanani a wayar hannu, domin a can mai gyaran rubutu da allon rubutu abu ɗaya ne. Duk abin da yatsa ya taɓa, ta hannun allon yake bi, ko saƙon tes ne, ko WhatsApp, ko lambar asusun banki. Kullewar da WhatsApp ke yi wa saƙonni ba ta farawa sai bayan an rubuta su, wato bayan allon ya riga ya gani.

Su kansu masu ƙera wayoyin sun san da haka. Wayoyin Android na nuna gargaɗi a duk lokacin da za a kunna sabon allon rubutu, cewa zai iya tattara duk abin da aka rubuta har da kalmomin sirri da lambobin katin banki. Kamfanin Apple, wanda sai a 2014 ya amince da allunan wasu kamfanoni a wayoyinsa, yana hana su haɗuwa da intanet sai mai wayar ya ba su cikakken izini.

A watan Yulin 2016 masu amfani da allon SwiftKey, wanda Microsoft ya saya a farkon wannan shekarar, suka fara ganin adireshin imel da lambobin waya na mutanen da ba su sani ba suna fito masu a matsayin shawarar kalma. Sai da kamfanin ya dakatar da tsarinsa na adana kalmomi a intanet kafin ya shawo kan lamarin.

Abin da ya faru a watan Disamban 2017 ya fi wannan muni. Masu bincike na cibiyar Kromtech sun tarar da rumbun bayanan kamfanin ai.type, wani mai allon rubutu da ke Isra'ila, a buɗe a intanet ba tare da ko kalmar sirri ba. A ciki akwai bayanan mutane fiye da miliyan 31: sunaye, da lambobin waya, da samfurin wayar, da wurin da mai ita yake, har da jerin sunaye da lambobin da wasu suka adana a wayoyinsu. Wato mutanen da ba su taɓa jin sunan manhajar ba su ma abin ya rutsa da su, don kawai wani aboki ko ɗan uwa ya sauke ta.

Rahotannin da aka buga a lokacin sun nuna cewa nau'in manhajar na kyauta ya fi nau'in da ake biya tattara bayanai.

A gabashin Asiya lamarin ya kai ga gwamnatoci. A ƙarshen 2013 hukumomin Japan sun gargaɗi ma'aikatu da jami'o'in ƙasar game da manhajar rubutu ta kamfanin Baidu na China, bayan an gano tana aika abin da ake rubutawa zuwa kwamfutocin kamfanin.

Shekaru goma bayan nan, a watan Agustan 2023, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada ta gano cewa kullen da ke kare allon Sogou na kamfanin Tencent, mai masu amfani fiye da miliyan 450 a wata, yana da rauni, ta yadda mai saurare a kan hanya zai iya karanta abin da ake rubutawa. A watan Afrilun 2024 cibiyar ta faɗaɗa binciken zuwa allunan kamfanoni tara, ta kuma sami rauni a takwas daga cikinsu. Na Huawei ne kaɗai ya tsira. Ta ƙiyasta cewa abin zai iya shafar mutanen da yawansu ya kusa biliyan ɗaya.

Ya kamata a lura cewa waɗannan alluna ne na rubuta Sinanci, harshen da ke buƙatar na'ura ta yi hasashen harafi daga cikin dubbai. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon a ɗora shi kai tsaye kan kowace waya ƙirar China da ake sayarwa a Kano ko Maraɗi. Abin da binciken ya tabbatar shi ne cewa manyan kamfanoni ma na iya yin sakaci na tsawon shekaru ba tare da kowa ya lura ba.

Me ake biya da shi?

Hausawa kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gudanar da manyan kwamfutocin da ke duba rubutun miliyoyin mutane dare da rana na cin maƙudan kuɗi, kuma dole wani ya biya.

Wasu kamfanoni na ba da nau'in kyauta ne a matsayin ɗanɗano, da fatan mutum zai sayi cikakken. Wasu na amfani da rubutun wajen horas da manhajojinsu, abin da ya ƙara daraja tun bayan ɓullar manhajoji irin su ChatGPT a ƙarshen 2022. Wasu kuma talla suke sayarwa, ko bayanan masu amfani da su.

Misalin da ya fi fitowa fili na wannan rukuni na ƙarshe bai fito daga masu gyaran rubutu ba, amma ya dace a ambata shi. Kamfanin Avast, mai manhajar kare kwamfuta ta kyauta, ya shafe shekaru yana sayar da bayanan shafukan da abokan hulɗarsa ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Ya rufe reshen a watan Janairun 2020 bayan 'yan jarida sun fallasa shi, sannan a 2024 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta sa ya biya dala miliyan 16 da rabi. Idan manhajar da aka saka don tsaro za ta yi haka, babu dalilin kyautata zato ga wata manhajar gyaran rubutu da ba a san ko su wane ne masu ita ba.

Akwai kuma batun gwamnatoci. A ƙarƙashin wata doka da Amurka ta kafa a 2018, hukumomin ƙasar na iya tilasta wa kamfanonin Amurka su miƙa bayanan da ke hannunsu, ko da a wata ƙasa aka ajiye su.

Inda abin ya shafi masu rubutu a Najeriya da Nijar

Turanci ne harshen aikin gwamnati da jami'a a Najeriya, kuma ga mafi yawan masu rubutu da shi harshe ne na biyu ko na uku. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikacin da ke shirya rahoto ga shugabansa, da mai neman gurbin karatu a ƙasar waje, duk suna da ƙwaƙƙwaran dalilin neman mai gyara masu rubutu. Haka abin yake ga masu rubutu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi. Faɗuwar darajar naira ta sa kuɗin rajista da ake biya da dala ya fi ƙarfin da dama, don haka nau'in kyauta ne ake rububi.

Daga nan ne wata ɗabi'a mai haɗari ta samo asali, wato karɓar aron asusu. Akan sami wanda ke rarraba sunan shiga da kalmar sirri ta asusu guda ga mutane da yawa, kyauta ko a kan 'yan kuɗi kaɗan. Duk takardar da aka ɗora a irin wannan asusu, sauran masu shiga na iya buɗe ta su karanta. Wasu kuma kan sauke manhajar da aka ce an fasa kullenta daga shafukan da ba a san asalinsu ba, hanyar da ta daɗe tana cikin manyan hanyoyin shigar da manhajar leƙen asiri cikin kwamfuta.

Sannan ga shagunan buga takardu da ke kewayen jami'o'i da kotuna da sakatariyoyi, inda kwamfuta ɗaya ke buga takardar rantsuwa, da yarjejeniyar sayen fili, da takardar neman aiki mai ɗauke da lambar NIN ko BVN. Mai takardar bai san abin da aka maƙala a kwamfutar ba, kuma sau da yawa shi ma mai shagon bai san abin da manhajar ke yi ba.

Masu rubutu da Hausa kuwa nasu ya zo da wani salo. Manhajar da aka saita kan Turanci ja take yi wa kusan kowace kalmar Hausa, ko ma ta sauya ta zuwa wata kalmar Turanci da ba ta da alaƙa da zancen, abin da duk mai aika saƙo da Hausa ya sha fama da shi. Neman haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, na sa wasu sauke duk wani allo da aka rubuta wa sunan Hausa a kasuwar manhajoji, ba tare da duba wanda ya yi shi ko izinin da yake nema ba. Alhali manyan alluna irin su Gboard da SwiftKey sun daɗe da saka Hausa a jerin harsunansu. Allon rubutu da ke neman izinin ganin jerin lambobin waya ko wurin da mutum yake, ya nemi abin da aikinsa ba ya buƙata.

Abin da doka ta tanada

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora alhakin kare bayanai a kan wanda ya tattara su, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su zuwa wata ƙasa, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar babban kamfani a shekara. Ghana na da irin wannan doka tun 2012, Nijar kuma tun 2017.

Hukumar ta nuna cewa tana iya cizo. A 2024 ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555, a 2025 kuma ta ci tarar kamfanin MultiChoice naira miliyan 766, kan laifuffukan da ta ce sun haɗa da fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne, idan ma'aikacin asibiti ko na banki ya maƙala manhajar gyaran rubutu a kwamfutar ofis, bayanan majiyyata ko na masu ajiya suka riƙa fita ta cikinta, ma'aikatar ce za a fara tuhuma. Irin wannan fita ba ta barin alamar da ɓarawo ke bari, domin ba a fasa komai ba. Ma'aikaci ne ya latsa alamar amincewa da hannunsa.

Wasu manyan kamfanoni sun zaɓi hani kai tsaye. A watan Mayun 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT da makamantansa a kwamfutocin aiki, bayan wasu injiniyoyi sun ɗora bayanan sirrin kamfanin a ciki suna neman a gyara masu.

Ga mutum ɗaya kuwa, zaɓin da ke akwai ba shi da wuya. A cikin saitin Chrome ana iya barin gyaran rubutu na yau da kullum a kashe wanda ke aikawa Google. Ana iya kashe manhajar da aka maƙala kafin a buɗe shafin banki ko na asibiti. Manhajar LanguageTool, wadda aka fara a Jamus a 2003, a buɗe tsarinta yake, kuma ma'aikata na iya girka ta a kwamfutarta ta cikin gida. Farashin wannan shi ne gyaran ba zai kai na manyan kwamfutoci ƙwarewa ba, kuma mutane da yawa, musamman masu fargabar a raina Turancinsu, ba za su so wannan rangwame ba.

Ƙasar Holland ta gwada wata hanyar. A 2018 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta sa aka binciki manhajar Office da ma'aikatan gwamnati kimanin 300,000 ke amfani da ita. Binciken ya gano cewa daga cikin abin da ke tafiya zuwa Microsoft har da kanun saƙonnin imel, da jimlolin da aka nemi manhajar ta fassara ko ta duba rubutunsu. Gwamnatin ba ta yi watsi da manhajar ba, sai ta zauna teburin shawara da kamfanin, kuma a 2019 Microsoft ya amince ya taƙaita abin da yake yi da bayanan, ya kuma ba hukumomi ikon kashe ayyukan da ke aika rubutu waje.

A ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya ce zai faɗaɗa sababbin sharuɗɗan zuwa sauran ƙasashen duniya. Sharuɗɗan sun shafi hukumomi da kamfanonin da ke da yarjejeniyar ciniki da shi ne, ban da ɗaiɗaikun mutane masu amfani da manhajojin kyauta.